Merlin Bird ID a bakin tafki da bazara: kunnenta ya fi idonta

Duk mai kallon tsuntsaye a tafkunan unguwa, lambunan shaƙatawa da magudanan ruwan da suka ratsa gefen gari ya san bazara, wato lokacin zafi na wurare irin su Turai da Amurka, lokaci ne mai wuyar sha'ani. Ganye ya cika bishiya, kacala da dogayen ciyayi sun rufe bakin ruwa, tsuntsu yana kuka taku biyar daga inda kake amma ko wutsiyarsa ba ka hange. Waɗanda suke fili a kan ruwa kuma, da yawansu 'ya'yan bana ne da ba su ɗauko kamannin iyayensu ba tukuna, wasu kuma manya ne da ke cikin sake gashi. A irin wannan yanayi ya kamata a auna manhajar Merlin Bird ID, wadda ke gane tsuntsaye ta sauti da hoto, domin a nan ne ƙarfinta da rauninta suke fitowa tare.

Cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Cornell da ke Ithaca a jihar New York ta Amurka ce ta fitar da ita a 2014. Kyauta ce, babu talla a cikinta, tana aiki a Android da iPhone, adireshin imel kawai take nema. Abin da ya bambanta ta da littafin hotunan tsuntsaye shi ne rumbu biyu da take jingine da su. Na farko eBird, wanda aka buɗe a 2002, inda masu kallon tsuntsaye na duniya ke shigar da abin da suka gani, da wurin da ranar. Daga nan Merlin take sanin wane tsuntsu ake sa ran samu a inda kake tsaye a wannan makon. Na biyu Macaulay Library, taskar sauti da hotuna wadda tushenta ya koma 1929. Da sautukan da ke cikinta aka horar da kunnen manhajar.

Kafin a fita akwai shiri na minti goma da yawancin masu ƙorafi suke tsallakewa. A sauke bayanan tsuntsayen yankin tun a gida, inda intanet yake da ƙarfi, saboda fayilolin suna da nauyi. Da zarar sun sauka, manhajar za ta yi aiki ko babu sabis. A ba ta izinin sanin wurin da wayar take, a kuma duba cewa wurin da ta nuna daidai ne. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: idan wayar tana riƙe da wani gari da aka je makon jiya, Merlin za ta tace sautin da jerin tsuntsayen can, sai ka ga sunaye da ba su da alaƙa da tafkin da ke gabanka. A cikin saituna kuma a kunna sunan kimiyya ya riƙa fitowa ƙarƙashin sunan yau da kullum. Sunan tsuntsu ɗaya yakan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, na kimiyya ne ba ya canzawa, kuma da shi ake neman ƙarin bayani ba tare da ruɗu ba.

Sashen gane sauti, wanda a cikin manhajar aka rubuta Sound ID, shi ne dalilin da zai sa kowa ya sauke ta. An ƙara shi a watan Yuni na 2021, da farko don nau'i fiye da 400 na Amurka da Kanada, daga baya aka faɗaɗa shi zuwa Turai, Indiya da sauran yankuna. Yadda yake aiki yana da kyau a fahimta, domin kusan duk kuskurensa daga nan yake tasowa. Manhajar ba ta sauraro kamar yadda mutum yake yi. Tana mayar da sautin ya zama zane mai tafiya a saman fuskar waya: lokaci yana gudu daga gefe zuwa gefe, siririn sauti yana sama, mai kauri yana ƙasa. Siffar wannan zanen take kwatantawa da waɗanda aka koya mata. Kukan da ya bar zane mai tsabta, ta gane shi nan take, sunan ya fito a jeri, kuma duk lokacin da tsuntsun ya sake kuka sunan ya haska da ruwan ɗorawa. Kukan da hayaniya ta dagula zanensa, ko dai ta yi shiru ko ta yi canki.

Wannan haskawar ce mafi amfani a cikin manhajar baki ɗaya, fiye da jerin sunayen. Tsaya a bakin kacala da sassafe, tsuntsaye huɗu ko biyar suna kuka a cakuɗe. Ka zuba wa fuskar wayar ido, ka lura da wane suna yake haskawa daidai lokacin da wani sauti ya tashi. Bayan sau uku ko huɗu kunnenka zai ware wannan muryar daga sauran, kuma gobe ba ka buƙatar waya kafin ka gane ta. Ƙananan tsuntsayen nan masu launin ƙasa da ke ɓuya cikin ciyayin ruwa, kamar Reed Warbler da Sedge Warbler a Turai, da wuya su fito fili, amma waƙarsu ta bambanta: na farko yana maimaita kowace gaɓa sau biyu ko uku cikin tafiya ɗaya daidai wa daida, na biyu yana sauri yana tsalle daga wannan sauti zuwa wancan. Merlin tana raba su da kyau. Haka a kan magudanar ruwa, ɗan shuɗin tsuntsun nan mai kamun kifi da take kira Common Kingfisher yakan yi siririn fito kafin ya wuce kamar kibiya daf da saman ruwa. Wanda ya koyi wannan fiton daga manhajar zai riƙa ɗaga kai a kan lokaci, maimakon ya ga wulgawar shuɗi bayan an gama.

Sai dai unguwa ba daji ba ce, kuma hayaniyarta iri-iri ce. Rugugin motoci sauti ne mai kauri, yawancinsa ƙasa da kilohaz 2 a ma'aunin kauri da sirantar sauti, yayin da waƙar yawancin ƙananan tsuntsaye take tsakanin 2 da 8. Shi ya sa a gefen titi Merlin take kama gwara da 'yan uwanta ba wahala, amma ta rasa kurciya, mujiya da zalɓe, masu murya ƙasa-ƙasa da motoci suke binnewa. Famfon da ke feso ruwa a tsakiyar tafkin lambu ya fi mota ɓarna, domin shuuu ɗinsa ya mamaye zanen daga sama har ƙasa. Haka ruwan da ke zuba a ƙofar madatsar magudana. Maganin lissafi ne mai sauƙi: a fili, duk lokacin da ka ninka tazararka daga tushen sauti, ƙarfinsa yana raguwa da kusan desibel 6. In ka matsa daga mita 10 zuwa mita 20 daga famfon, ka rage hayaniyar da wannan adadin. In kuma ka rage tazararka da tsuntsun zuwa rabi, ka ƙara wa muryarsa irin wannan adadin. Ka juya wa hayaniyar baya, jikinka ya tare ta, ka miƙa ƙasan wayar wajen tsuntsun, don a yawancin wayoyi can babban makirfo yake. Kada yatsa ko murfin waya ya toshe ramin.

Iska ma abokiyar gaba ce, tana bugun makirfo ta zana baƙin tabo a ƙasan zanen. Ɗan ƙaramin makirfo na waje mai hular soso yana rage wannan sosai. Ƙarƙashin gada kuwa amsa-kuwwa take shafe gefen kowane sauti, don haka a fito daga ƙarƙashinta kafin a danna. Sannan a tsaya cak. Takun ƙafa a kan tsakuwa, kacau-kacau na makullai a aljihu da shafar riga mai ƙarar leda duk sun fi kusa da makirfo bisa tsuntsun. Gara a ɗauki minti ɗaya zuwa uku a tsaye, a kashe, a matsa gaba, a sake kunnawa, da a bar ta tana ɗauka ana tafiya awa guda. Sautin da ba a matse ba yana cin kusan megabait 5 a minti, kuma dogon fayil yana wahalar bincike daga baya.

Kuskuren da ya fi haɗari ba shirun manhajar ba ne, sunan da ta bayar da bai tabbata ba ne. Da bazara hanyoyin wannan kuskuren suna ƙaruwa. 'Ya'yan da suka bar sheƙa suna bin iyaye da kukan roƙon abinci, siririn tsiii-tsiii da ya yi kama a tsakanin nau'i da yawa. Kwaɗi a bakin ruwa, gyare a cikin ciyawa, kurege a kan reshe, ƙarar lilon yara da ba a sa wa mai ba, birkin keke, duk suna iya barin zane mai kama da na wani tsuntsu. Ga kuma masu kwaikwayo. Starling na Turai da Northern Mockingbird na Amurka suna saka muryoyin wasu cikin waƙarsu, Blue Jay yana kwaikwayon kukan shaho har ya ruɗi gwanaye, Marsh Warbler kuma yana dawowa Turai da muryoyin tsuntsayen Afirka da ya koya a inda ya yi hunturu. A nan Merlin ba ta yi ƙarya a kan siffar sautin ba, mai sautin ne ba wanda ta ambata ba.

Hanyar tacewa ita ce wannan. Sunan da ya haska sau ɗaya ya ɓace, a ɗauke shi a matsayin zato. Wanda yake ta haskawa tare da wani sauti da kunnenka yake ji, shi ne abin bi. A duba alamar da ke gefen sunan: jan ɗigo yana nufin tsuntsun baƙo ne ƙwarai a wannan wuri a wannan lokaci, rabin da'ira mai ruwan lemo kuma yana nufin ba kasafai ake samunsa ba. Duk sunan da ya zo da jan ɗigo, a tsayar da ɗauka, a taɓa sunan, manhajar za ta kai ka daidai inda ta ji shi. Ka saurara, ka buɗe misalan kukan da ke ƙarƙashin sunan, ka kwatanta sauti da sauti, zane da zane. In har yanzu da shakka, manhajar BirdNET, wadda Cornell ta yi tare da Jami'ar Fasaha ta Chemnitz a Jamus, tana ba da damar zaɓar ɗan yanki na sauti a aika don bincike, sai dai ita tana buƙatar intanet. Bayan duk wannan, gani ya kori ji: a nemi tsuntsun da madubin hangen nesa. Masu kula da eBird da kansu suna roƙon kada a shigar da tsuntsun da Merlin kaɗai ta ji, wanda mutum bai tabbatar da kunnensa ko idonsa ba. Dalilin a fili yake, tunda daga eBird manhajar take koyon abin da ake samu a kowane wuri, kuskuren da aka shigar yau zai dawo ya ruɗi wani gobe.

A kuma sani cewa ƙarfin kunnen nan ba ɗaya yake a ko'ina ba. Inda aka tara sautuka masu yawa, kamar Arewacin Amurka da Turai, ya fi kaifi. A yankunan da sautukan da aka tara ba su da yawa, tsuntsu zai yi ta kuka a kan kanka manhajar ba ta ce uffan ba, saboda ba a koya mata shi ba tukuna. Wannan shirun ba ya nufin wayar ta lalace. Lokaci ma yana da tasiri: waƙa ta fi yawa daga kafin fitowar rana zuwa hantsi, kuma a ƙasashen arewa tana raguwa sosai daga Yuli zuwa Agusta, bayan an gama neman mata da kare sheƙa. Wanda ya fito da tsakar rana a ƙarshen bazara ya ga jeri fayau, lokacin ne bai dace ba.

Da an juyo kan ruwan kansa, labari ya canza. Agwagi, zalɓe, balbela da kajin ruwa ba mawaƙa ba ne, sukan yi awa ba su ce komai ba. Nan sai a koma sashen gane hoto, wanda aka gina tare da masu bincike na cibiyoyin ilimi na Caltech da Cornell Tech da ke Amurka. Ana ɗaukar hoto, a matso da shi har tsuntsun ya cika akwatin da ke fuskar waya, a tabbatar da wuri da rana, sai ta kawo jerin waɗanda suka yi kama. A kan babban tsuntsu mai cikakken gashi, cikin haske mai kyau, tana yin abin a yaba. Matsalar ita ce bazara ba ta cika ba da irin wannan tsuntsun ba.

Ɗauki agwagwar nan da ta cika tafkunan lambu a arewacin duniya, Mallard. Namijin da kowa ya sani da koren kai mai sheƙi, da bazara yakan zubar da wannan adon ya koma launin ƙasa kamar mace, ya kuma zubar da gashin fiffike gaba ɗaya har ya yi kusan wata guda ba ya iya tashi. Sabon mai kallo sai ya ɗauka mazan duk sun ƙaura. Suna nan. Baki za a duba: na namiji ruwan ɗorawa ne mai ɗan kore, bai ɗaya, na mace kuma ruwan lemo ne da baƙin tabo a samansa. Merlin yawanci za ta ba da sunan nau'in daidai, amma sai ka zazzaga hotunan da ke ƙarƙashin sunan kafin ka ga wannan kamannin na bazara, kuma ba kowa ya san ya yi haka ba. Mafi wuya su ne agwagin da suka gauraya da na gida, masu farin ƙirji ko jiki dabbare-dabbare, da kuma na ado da suka tsere daga gidajen masu kiwo. Tafkin unguwa cike yake da su. Manhajar dole ta ba da wani suna, sai ta jefo na wata agwagwar daji da ba ta da alaƙa. In agwagwa ta yi girma fiye da 'yan uwanta, ga fari a inda bai kamata ba, ga ta tana zuwa wajen mutane ba tsoro, a fara zargin jinin gida kafin a yi murnar samun baƙuwa.

'Ya'yan bana su ne ɗaya tarkon. Kazar ruwa, Moorhen, idan ta girma tana da jan goshi, baki ja mai ruwan ɗorawa a tsini, da farin layi a gefen jiki. Makwabciyarta Coot baƙa ce mai farin goshi da farin baki. Raba su a manya ba wuya. Amma ɗan tsakon Coot yana fitowa da kai ja da ruwan lemo, sai a ɗauka na kazar ruwa ne, ita kuma matashiyar kazar ruwa launin ƙasa ce, ba jan goshi ko kaɗan. Farin da ke ƙarƙashin wutsiyarta, wanda take ta ɗagawa tana tafiya a kan ganyen bado, shi yake tona ta. Haka matashin zalɓen dare, Black-crowned Night Heron, launin ƙasa ne mai zane-zane da fararen ɗigo a fiffike, ko kusa bai yi kama da iyayensa masu baƙin kai da toka-tokan fiffike ba. Hoto mai kyau daga gefe yakan sa Merlin ta gane su. Hoto daga baya, ko wanda ciyawa ta raba tsuntsun biyu, yakan kai ta wani wajen. Dabara mafi sauƙi ba a cikin waya take ba: a jira minti biyar a ga wa yake ciyar da ɗan.

Ingancin hoton yana hannun mai ɗauka. Ruwa yana mayar da hasken rana, tsuntsun da ke tsakaninka da rana zai fito baƙi ƙirin ba launi. Da safe a tsaya a gaɓar gabas, da yamma a gaɓar yamma, rana ta kasance a bayanka. Fararen tsuntsaye a kan ruwa mai duhu sukan ƙone a hoto, don haka a taɓa jikin tsuntsun a fuskar waya a rage haske kafin a ɗauka. A tabbata baki da ƙafa sun fito, domin a nan bambancin yake: balbela tana da gajeren baki ruwan ɗorawa, Little Egret kuma baƙin baki siriri, baƙaƙen ƙafafu da yatsu ruwan ɗorawa. Kada a matso da hoto da yatsu fiye da ƙarfin kyamara, dishi-dishi kawai yake ƙarawa. Gara a ɗora kyamarar wayar a kan idon madubin hangen nesa, a murɗo robar idon waje don a samu tazarar da ta dace, a jingina gwiwar hannu a kan shinge. Madubi mai ninki 8 ya isa wannan aikin.

Sashe na uku, na tambayoyi, shi ne wanda aka fi rainawa. Yana tambayar wuri, rana, girman tsuntsu daga na gwara zuwa na hankaka har na dinya, launuka har uku, da abin da tsuntsun yake yi: iyo ko tafiya cikin ruwa, kiwo a ƙasa, zama a bishiya, a kan wayar lantarki, ko shawagi. Ga tsattsewa da ke shawagi a saman tafki da yamma, waɗanda kyamarar waya ba za ta kama ba, wannan ce hanya. Kurakurai biyu ne suka fi yawa a nan. Mutane suna ƙara wa tsuntsu girma, musamman in yana sama ko shi kaɗai ne a fili. Suna kuma cika launi uku alhali biyu suka gani da tabbaci, na ukun sai ya kore amsar daidai daga jerin. In jerin bai kawo shi ba, a koma baya a rage girma mataki ɗaya, a cire launin da ake shakka.

Zafi yana taɓa wayar kanta. Makirfo, na'urar gano wuri da fuska mai cikakken haske suna aiki lokaci guda, batir yana zuba da sauri, jikin wayar yana ɗumi. Kamfanin Apple ya ce an yi iPhone don aiki tsakanin digiri 0 da 35 na ma'aunin Salsiyos, kuma wayar da ke cikin rana kai tsaye takan wuce haka ko da iskar wurin ba ta kai ba. Idan ta yi zafi takan rage hasken fuska da kanta, har ka kasa ganin zanen. A tsaya a inuwa, a sa ta aljihu tsakanin ɗauka da ɗauka, a riƙe ƙaramin batirin caji in fitar za ta wuce awa biyu.

Abu ɗaya da ya kamata manhajar ta ƙara jan kunne a kansa shi ne kunna kukan tsuntsu da lasifikar waya. Sautukan suna nan, taɓawa ɗaya ce, kuma sabon mai kallo zai ga da ya kunna tsuntsu ya fito. Ya fito ne don yana zaton wani namiji ya shigo masa yanki. Da bazara wannan yana nufin ya bar ƙwai ko 'ya'ya a sheƙa, ya daina kai abinci, yana neman abokin gaban da babu shi, kuma a lambun da mutane da yawa ke bi, ana iya yi wa tsuntsu ɗaya haka sau da dama a yini. Wasu wuraren kare namun daji sun hana yin haka ɗungurungum. A saurari misalan da abin sa wa kunne, ko a kara wayar a kunne da ƙaramin sauti.

A ma'aunina, ga tsuntsayen da ke waƙa cikin ganye da kacala da sassafe, Merlin ta cancanci cikakken yabo, kuma babu littafin da zai koya wa kunne da saurinta. Ga manyan tsuntsayen ruwa cikin cikakken gashi, tana da kyau matuƙar hoton yana da kyau. Ga 'ya'yan bana, agwagi masu sake gashi da masu jinin gida, amsarta mafari ce kawai, sai an haɗa da duba baki, ƙafa da wanda yake ciyar da wa. Wanda zai fara da ita a wannan bazarar, ya zaɓi tafki ɗaya, ya buɗe jerin tsuntsayen da ake sa ran samu a wurin tun da dare, ya duba ɗan zanen watanni da ke gefen kowane suna don ya san waɗanda lokacinsu ne, sannan ya isa bakin ruwa rabin awa kafin rana ta fito.